Bushiya: annobar da ta cinye shanun kakanninmu, da yadda aka ga bayanta

Duk lokacin da malaman dabbobi suka fito allura, sai mu ji wasu makiyaya sun kora garke cikin daji. Shi ya sa yau muka ga ya dace mu koma baya, mu tuna da bushiya, wadda masu Faransanci ke cewa peste bovine.

A 1887 cutar ta shigo ta tashar ruwan Masawa, a Eritiriya ta yau, cikin shanun da sojojin Italiya suka kawo. Kafin 1891 ta riga ta iso ƙasar Hausa da Barno. Saniya ta kama zazzaɓi, ido na hawaye, baki ya yi gyambo, sai zawo, cikin 'yan kwanaki ta faɗi. A wurare da dama, cikin shanu goma tara suka mutu. An ce a ƙasar Hausa "Sannu" aka sa wa annobar, don ita ce kalmar da kowa ke faɗa wa ɗan'uwansa. Fulani da yawa dole suka kama noma.

Hasken farko daga Kenya ya fito, inda wani likitan dabbobi ɗan Ingila, Walter Plowright, ya haɗa allurar da ke kare saniya tsawon rayuwarta. A 1962 aka buɗe babban kamfen mai suna JP15 a yankin tabkin Cadi: Nijar, Najeriya, Kamaru da Cadi. Wadda aka yi wa allura sai a huda mata kunne don shaida. Cutar ta lafa, aka rufe shirin a 1976, kowa ya saki jiki.

To, nan aka yi kuskure. Maruƙan da aka haifa daga baya ba su da kariya, ga kuma sauran cutar a ɓoye. Farkon shekarun 1980 ta dawo da ƙarfi, a 1983 ta yi wa makiyayan Najeriya mummunar ɓarna. Dole a 1986 aka sake sabon shiri na Afirka, PARC.

Babbar matsalar ita ce zafi. Allurar sai da ƙanƙara, mu kuwa mun san halin ranar Tadres da Azawak. Masu bincike suka gyara ta yadda za ta jure zafi har makonni, kuma a ƙasarmu Nijar aka gwada ta cikin garkunan makiyaya. Daga nan allura ta kai inda mota mai firiji ba ta zuwa.

A 2001 aka ga cutar karo na ƙarshe, a jikin ɓauna a Kenya. A 2011 hukumomin OIE da FAO suka sanar an kawar da ita daga duniya, cuta ta biyu bayan agana.

Amma ƙanwarta na nan, wato PPR mai kashe awaki da tumaki, dukiyar iyayenmu mata. An sa 2030 don a gama da ita. Abin da ya faru bayan 1976 ya ishe mu darasi: garke ɗaya da aka ɓoye zai iya maido ta cikin gari. In masu allura suka zo, mu fito da duka, har akuyar bayan ɗaki.

Allah ya kiyaye mana bisashe.