Nijar

Nijar (suna, mace). Ƙasa a Afirka ta Yamma wadda ba ta da gaɓar teku, kamar Mali da Burkina Faso, ko Masedoniya ta Arewa a Turai. Faɗinta murabba'in kilomita 1,267,000 ne. Tana iyaka da Najeriya, Benin, Burkina Faso, Mali, Aljeriya, Libiya da Chadi. Arewacinta hamada ce, ga duwatsun Azbin da rairayin Tenere. Noman gero da dawa da wake a kudu yake, kuma kogin Kwara ya ratsa yammacinta.

Sarautun Damagaram, Gobir, Katsina ta Maraɗi da Agadas sun kafu tun kafin zuwan Faransawa. A 1926 aka ɗauke hedkwata daga Zinder zuwa Yamai. Ta sami 'yancin kai ranar 3 ga Agusta, 1960, Diori Hamani ya zama shugaba. Hausawa ne mafi rinjaye, sai Zabarmawa, Buzaye, Fulani da Barebari. Kokawa ce wasan da jama'a suka fi so; ana gasar takobin ƙasa.

Rashin teku ya sa kayanta ke shigowa ta tashoshin jiragen ruwa irin su Lome da Tema. Albasar Galmi kuwa har kasuwannin Kumasi take kaiwa, kuma manyan motocin hanyar arewa kan tsaya gyara a unguwar Suame ta Kumasi.

Misali: Direban nan ɗan Nijar ne, a Zangon Kumasi ya sauka.

Mutumin ƙasar: ɗan Nijar, mace: 'yar Nijar, jam'i: 'yan Nijar.