Maziyyi da Yiwuwar Samun Ciki Ba Tare da Saduwa Ba

Maziyyi ruwa ne garai-garai mai ɗan yauƙi da ke fitowa daga azzakarin namiji idan sha'awarsa ta motsa, kafin fitar maniyyi. Kalmar ta shigo Hausa daga Larabci ta hanyar littattafan fiƙihu, inda malamai suka bambanta ruwa uku: maniyyi, maziyyi da wadiyyi. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, tana cikin littattafan da suka yi wannan bayani. A mazhabar Malikiyya fitar maziyyi tana warware alwala, tana kuma wajabta wanke gaba, amma ba ta wajabta wankan janaba.

Asali

Mafi yawan maziyyi yana fitowa ne daga wasu ƙululai guda biyu, kowanne kamar girman ƙwayar wake, waɗanda ke ƙasan mafitsara a gefe biyu na bututun fitsari. Kowane ɗaya yana da siririyar hanya mai tsawon kimanin santimita 2.5 da ke zuba ruwansa cikin bututun. Likitan fiɗa ɗan Faransa, Jean Méry, ya bayyana su a 1684, sannan William Cowper na Ingila ya yi cikakken bayaninsu a 1699, shi ya sa ake kiran su da sunansa har yau. Ƙwayoyin haihuwa kuwa a 'ya'yan maraina ake yin su, don haka maziyyi ba ya ɗauke da su a inda aka samar da shi.

Siffa da aiki

Yawan maziyyi ya bambanta tsakanin maza: wani ba ya ganin komai, wani ɗigo kaɗan, wani kuma har mililita 4. Yana fita ba tare da tunkuɗa ba, sau da yawa ma mai shi bai sani ba, kuma babu mai iya riƙe shi da gangan. Aikinsa biyu ne. Yana kashe tsamin da fitsari ya bari a cikin bututu, kamar yadda kanwa ke kashe tsami a girki, domin tsami yana raunana ƙwayoyin haihuwa. Yana kuma samar da santsi lokacin saduwa.

Samuwar ƙwayoyin haihuwa a cikinsa

Sakamakon bincike ya sha bamban a kan wannan batu. Wani nazari da aka wallafa a 2003 a kan maza 12 bai sami ƙwayar haihuwa ko ɗaya a maziyyinsu ba. A 2011 kuwa, Stephen Killick da abokan aikinsa sun duba maza 27, suka sami ƙwayoyin a maziyyin 11 daga cikinsu, wato kashi 41 cikin ɗari, kuma a wajen mutum 10 ƙwayoyin suna motsi. Wani binciken da aka yi a Tailan a 2016 a kan maza 42 ya sami masu motsi a wajen kashi 16.7 cikin ɗari. Ana danganta hakan da ragowar maniyyin da ya maƙale a bututu daga fitar da ta gabata, ko kuma yoyon ƙwayoyin kafin lokacin kawowa. Namiji ba shi da wata alama da zai gane ko yana cikin waɗanda hakan ke faruwa da su.

Haɗarin ciki ba tare da saduwa ba

Ciki yana shiga ne idan ƙwayar haihuwa mai rai ta ratsa farji da bakin mahaifa ta tarar da ƙwan mace. Ƙwan yana rayuwa awa 12 zuwa 24 bayan fitowarsa, ƙwayoyin namiji kuma suna iya kai kwana 5 a jikin mace, saboda haka kwanakin ɗaukar ciki kimanin 6 ne a kowane zagayen al'ada. Idan maziyyi ya taɓa bakin farji kai tsaye, ko yatsa ya kai shi ciki yana da danshi, akwai yiwuwar ciki, ko da yake ƙarama ce ƙwarai. Tantanin budurci ba ya tare hanyar, domin yana da ƙofar da jinin haila ke bi. Idan kuwa ruwan ya bushe a fata ko a tufafi, ƙwayoyin sun mutu. Sumbata, runguma da haɗiye ruwan ba sa kawo ciki.

Muhimmanci

Wannan sani ya shafi ma'auratan da ke yin azalu, wato zare azzakari kafin kawowa. A cikin mata 100 da mazansu ke bin wannan hanya daidai, kimanin 4 ke ɗaukar ciki a shekara guda, amma a yadda akasari ake yin ta adadin yana kaiwa 20 ko fiye. An kuma gano ƙwayar cutar ƙanjamau a cikin maziyyi, shi ya sa likitoci ke cewa a sa kwaroron roba tun kafin al'aura ta haɗu da al'aura. Inda aka ji tsoron ciki, maganin gaggawa na levonorgestrel yana aiki cikin awa 72, na ulipristal kuma cikin awa 120. Gwajin fitsari yana ba da amsa abin dogaro bayan an yi ɓatan wata, ko bayan kwana 21 da faruwar abin. Bayanin da ya dace da hujjojin da ake da su shi ne haɗarin yana da ƙanƙanta amma tabbas yana nan, kuma abin da ke ƙayyade shi shi ne inda ruwan ya taɓa, da danshinsa, da kuma ranar da abin ya faɗo a zagayen al'adar mace.