Cutar Kuru da Al'adar Makokin Mutanen Fore

A cikin duwatsun ƙasar Papuwa Niyu Gini, a yankin Okapa, akwai wata al'umma mai suna Fore, waɗanda a zamanin da, idan ajali ya riski ɗayansu, matan dangi kan taru su gyara gawar, su dafa ta su ci, bisa ga imaninsu cewa cikin 'yan'uwa ya fi tsutsar kabari cancantar riƙe mamaci, kuma da haka ruhinsa zai isa wurin kakanni lami lafiya. Wanda duk ya ji wannan labari zai yi isti'aza, amma adalci ya wajabta a faɗi cewa ƙauna da juyayi ne asalinsa.

Ƙwaƙwalwa, wadda akan dafa cikin gora da ganyaye, rabon mata ce da ƙananan yara, kuma a cikinta sanadin cutar ya fi taruwa, shi ya sa annobar kuru ta fi afka musu: mace ta soma tangaɗi, ta koma dogara sanda jiki na makyarkyata, daga bisani zama ya gagare ta, haɗiyar ruwa ma ta gagara, ta cika cikin kimanin shekara guda. Sa'ad da likitoci Zigas da Gajdusek suka bayyana cutar a 1957, rai wajen 200 take ɗauka kowace shekara. Mutanen Fore sihiri suka zarga, malaman ɗibbu suka yi zaton gado ne, har sai da masu bincike Shirley Lindenbaum da Robert Glasse suka zauna cikinsu daga 1961, suka saurari tsofaffi, suka gane cewa cutar da al'adar duk ba su daɗe a ƙasar ba, kuma sawu ɗaya suka bi.

Haƙiƙanin sanadin cutar sai a 1982 masani Prusiner ya raɗa masa suna firiyon, wato furotin da halittarsa ta karkace, wanda dahuwa ba ta kashe shi, ruwan ciki ba ya narkar da shi. Nazari a kan tumaki ya nuna cewa idan aka haɗiye shi yakan ratsa bangon hanji, ya iske jijiyoyin da ke sarrafa motsin hanjin, waɗanda da ma suna ɗauke da lafiyayyen irinsa, ya yi ta karkatar da shi sannu a hankali, yana bin jijiya har ƙwaƙwalwa.

Al'adar ta gushe wajen 1960 ƙarƙashin mulkin Ostareliya, amma wasu da suka ci abincin makoki suna yara, sai bayan shekara 50 ciwon ya kwantar da su.