Takalmin Sau-ciki na Zuwa Aiki: Tarihinsa daga Northampton

Takalmin sau-ciki na fata, baƙi ko ruwan ƙasa, wanda lauyoyi da ma'aikatan banki da akawuna ke sawa zuwa aiki, bai fi shekara 200 da samun siffar da aka san shi da ita ba. Kafin nan Bature mai hali dogon takalmi yake zurawa har ƙwauri, ko kuma gajere mai maɗaurin ƙarfe a bisa. Yawancin takalman ma ba su da hagu da dama. A kan ƙafar katako guda ake ɗinka duka biyun, mai su ya yi ta shan azaba har fatar ta bi ƙafarsa. Sai cikin ƙarni na 19 bambanta hagu da dama ya zama ruwan dare.

Cibiyar wannan sana'a ita ce Northampton, wani gari a tsakiyar Ingila. Allah ya hore masa abin da majemi ke nema: kasuwar shanu, ruwan kogin Nene, da dazuzzukan itacen oak, wanda ɓawonsa ke yi wa majeman Turai aikin da bagaruwa ke yi wa na Kano. An rubuta cewa a 1213 Sarki John ya sayi takalmi a garin. Amma yaƙi ne ya ɗaga dukawansa. A 1642 wani mai suna Thomas Pendleton da abokan sana'arsa suka sami kwangilar gajerun takalma 4,000 da dogaye 600 domin sojojin da za a tura Ailan, kuma daga nan kwangilar soja ba ta yanke musu ba. A gida ake aikin: wani ya yanka fata, mata su ɗinka saman, maigida ya haɗa shi da sol a ɗan shagonsa na bayan gida.

A farkon ƙarni na 19 manyan Landan suka yi watsi da tufafi masu ƙyale-ƙyale, suka koma kwat mai duhu marar ado, bisa koyi da wani ɗan gayu, Beau Brummell. Takalmi ma ya bi sahu. Daga wani gajeren takalmi da ɗaliban jami'ar Oxford suka yi yayi aka sami samfurin da ke ɗauke da sunan garin. Alamarsa tana wajen igiya: kunnuwa biyu masu huji an ɗinke gindinsu a ƙarƙashin fatar gaba, don haka idan aka ɗaure sai bakin ya haɗe tsaf. Shi ya sa ya fi kowane kwarjini, shi ya sa kuma yake matse mai tudun ƙafa. Samfurin da ake kira Derby kuwa kunnuwansa a sake suke bisa fatar gaba, suna buɗewa yadda ake so. Hujojin ado da ake jerawa a kan wasu takalman asalinsu na manoman Ailan da tsaunukan Sikotlan ne, waɗanda ake cewa don ruwan fadama ya tsiyaye suke huda fatar. An daɗe ana ganin sa irin wannan a ofis ƙauyanci ne.

Ƙarko da araha kuwa daga Amurka suka zo, ta hanyar injina. A 1858 Lyman Blake ya ƙera keken da ke ɗinke sol da saman takalmi kai tsaye, zaren ya ratsa har ciki. Dukawan Northampton sun tsorata da kekunan ɗinki, suka shiga yajin aiki a 1859, amma ba su yi nasara ba. Bayan shekaru kaɗan sai ga injin Charles Goodyear ƙarami, ɗan wanda ya gano dabarar ƙarfafa roba, kuma har yau da sunansa ake kiran ɗinkin da ya fi kowane daraja. Ana yanko siririn ƙirin fata, a ɗinke shi kewaye da bakin saman takalmin haɗe da shimfiɗar ciki. Ramin da ya rage a tsakiya a cike shi da garin ɓawon itace mai laushi, irin wanda ake toshe kwalba da shi. Sannan a ɗinka sol a jikin ƙirin, ba a jikin saman ba. Idan sol ya cinye, baduku zai farke ɗinkin waje kawai ya sa sabo, saman bai ko ji allura ba. Garin ɓawon nan kuma a hankali yake lotsawa ya ɗauki sawun mai takalmin, abin da ya sa tsoho ya fi sabo daɗin takawa.

Aiki ɗaya ya gagari inji, wato jan fata a kan ƙafar katako har ta kwanta ba tare da tattarewa ba. Jan Matzeliger, wanda aka haifa a Suriname, uwarsa baƙar fata, shi ya warware matsalar a garin Lynn na jihar Massachusetts, ya yi rajistar injinsa a 1883. Gwanin hannu kan gama kamar takalma 50 a yini, injin kuwa ɗaruruwa. Farashi ya faɗi har ƙaramin akawu ya iya saye. Shi dai bai ci moriyar abin ba, tarin fuka ya kashe shi a 1889 yana da shekara 36. A wannan zamanin ne aka kafa wasu daga cikin gidajen takalman da suka rage a yankin Northampton: Church's a 1873, Crockett & Jones a 1879, Loake a 1880. Tricker's ya girme su, tun 1829 yake.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gam ya fara maye gurbin zare. Sol ɗin da aka manna ya fi sauƙi da saurin haɗawa, sai dai idan ya ɓare sau da yawa takalmin ya gama yawo. Italiyawa suka kawo sirara marasa nauyi masu ɗinkin Blake, Gucci ya fito da marar igiya mai linzamin ƙarfe a 1953, daga bisani kayan Asiya masu arha suka cika kasuwa. Masana'antun Northampton da dama suka rufe. Waɗanda suka tsira sun riƙe tsohon ɗinkin ne suka koma sayar wa masu kuɗi. Church's ma kamfanin Prada na Italiya ya saye shi a 1999.

Ƙasar Hausa ta daɗe da nata dukancin. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa takalma da jemammiyar fata cikin manyan hajojin da birnin ke fitarwa har Arewacin Afirka, kuma fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ta shiga Turai da sunan fatar Maroko. Amma waɗancan takalman buɗaɗɗu ne, daidai da zafi da alwala. Sau-ciki mai igiya ya yaɗu ne tare da aikin soja da ɗan sanda da ofisoshin Turawa da makarantun boko, sannan kantunan Bata, kamfanin da Tomas Bata ya kafa a garin Zlin a 1894, suka kai shi ga talaka. Duk da haka mutumin da zai tuɓe takalmi a ƙofar masallaci da zaure sau da yawa a yini bai cika son igiya ba, don haka marar igiya da hafshu suka fi karɓuwa a ƙarƙashin kaftani. Majemun zamani na Challawa da Sharaɗa suna fitar da yawancin fatarsu zuwa Italiya da Sifen, yayin da dukawan Ƙofar Wambai da masu ɗinkin kasuwar Ariaria ta Aba ke gogayya da kayan Sin da na gwanjo. Mai sayen takalmin gam a Kano kan miƙa shi ga shushaina tun yana sabo, a zagaye sol ɗin da zare kafin ya fara ɓarewa.