Antonobka, tuffar Rasha mai son sanyi

Antonobka tsohon irin tuffa ne da ya yaɗu daga yankin Kursk na ƙasar Rasha tun ƙarni na 19. Ƴaƴanta kore ne mai ɗan rawaya, ga tsami ga ƙamshi, kuma ana tsinkarsu tsakanin ƙarshen Satumba da Oktoba. An san itaciyar da jure sanyin da ya kai kusan digiri 40 ƙasa da sifiri, shi ya sa masu lambu ke aurar da wasu iri a kan gindinta.

A garkar gida, ana dasa ta inda rana ke bugawa kuma ruwa ba ya kwanciya, a bar tazarar mita 5 zuwa 6 tsakanin itatuwa. Kada a binne wurin auren cikin ƙasa. Ba ta haihuwa sosai ita kaɗai: sai da wani irin tuffa a kusa, don zuma ta kai garin fure. Ana rage rassa a ƙarshen hunturu, a naɗe gindi saboda ɓeraye da zomaye. Mai lambu kan jira shekara 6 zuwa 8 kafin ƴaƴan fari.

Sanyin nan dole ne gare ta. Sai ta yi ɗaruruwan awoyi tana barci tsakanin digiri 0 da 7 kafin ta yi fure da kyau. Hunturun Maraɗi ko Damagaram bai kai haka ba. A ƙasashe masu zafi, iri kamar Anna, mai buƙatar sanyi kaɗan, ake dasawa.