Yahudawan Tuwat: Tsufan Al'umma a Ma'aunin Fatawowin Ƙarni na 15

Tsakure

Maƙalar ta sake duba da'awar cewa Yahudawan Tuwat, jerin dausayin da ke kudu maso yammacin Aljeriya ta yau, suna can tun zamanin Rumawa. Ta dogara da fatawowin rikicin majami'ar garin Tamantit da ke Tuwat, ta nuna cewa ko malaman da suka tsaya wa Yahudawan ba su kafa hujja da wannan tsufa ba. Abin da shaidu suka tabbatar shi ne al'ummar fatake da maƙeran zinariya wadda cinikin Sahara ya kafa a cikin zamanin Musulunci.

Gabatarwa

Duk ɗalibin tarihin Kano ya san Shehu Muhammad bn Abdulkarim Almagili, malamin Tilimsan da ya sauka wurin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa Tajuddini kan wajiban sarakuna. Kaɗan ne ke tambayar daga ina ya taso kafin ya iso Kano. Daga Tuwat ya taso, bayan ya jagoranci rushe majami'ar Yahudawan Tamantit da tarwatsa su wajen shekarar 1492. Su wane ne mutanen nan, kuma tun yaushe suke wurin? Tambaya ta biyu ita ce damuwar wannan bincike.

Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Tun farkon ƙarni na 20 marubutan Faransa suka kafa ra'ayin da nake jayayya da shi. A. G. P. Martin, a littafinsa na 1908 kan dausayin Sahara, ya tattaro labaran gida na Tuwat ya ware wa Yahudawa zamani guda kafin Musulunci. Nahum Slouschz ya yi nisa fiye da haka, ya ga ƙabilun Barbar masu bin Yahudanci ko'ina a arewacin Afirka, yana jingina da abin da Ibn Khaldun ya kawo kan ƙabilar Jarawa da sarauniyarsu Kahina. Daga nan aka ɗinka labari mai daɗin ji: bayan tawayen Yahudawan Barƙa a shekarun 115 zuwa 117, waɗanda suka tsira suka nausa cikin hamada har Tuwat. Jacob Oliel, a aikinsa na 1994, ya tattara shaidu masu amfani ƙwarai, sai dai ya yi wa wannan labari sassauci fiye da kima.

Ba wanda ke musun zaman Yahudawa a arewacin Afirka zamanin Rumawa. Maƙabartar Gamart kusa da Kartaj da rubutun Ibrananci na Walili sun isa shaida. Amma tsakanin gaɓar teku da Tamantit akwai tafiyar makonni bisa raƙumi, kuma ba a tsallake ta da zato. H. Z. Hirschberg ya riga ya raunana batun Barbar Yahudawa tun 1963. John Hunwick kuwa ya fassara takardun rikicin a littafinsa na 2006, a kansu na gina hujjata.

Hanyar Bincike

An karanta fatawowin da Ahmad Alwansharisi, wanda ya rasu a 1508, ya tattara a cikin Almi'iyar, aka gwada su da wasiƙar Antoniyo Malfante da bayanin Hasan Alwazzan, wanda Turawa ke kira Liyo Afrikanus.

Abin da Shaidu Suka Nuna

Shaida mafi tsufa mai ɗauke da shekara daga cikin Tuwat ita ce dutsen kabarin wata mata da rubutun Ibrananci, na shekarar 1329. A 1447 Malfante, ɗan kasuwar Janowa, ya rubuto daga Tuwat cewa Yahudawa suna da yawa, suna zaman lafiya ƙarƙashin kariyar manyan gari, kowane gida da ubangidansa, kuma ciniki ta hannunsu yake bi. Wannan ya dace da matsayin wurin: zango ne tsakanin Tilimsan da Sijilmasa a arewa, da Tumbutu da Gawo a kudu, inda zinariya ke haɗuwa da tufafi da jan ƙarfe.

Shirun Alƙali Al'asnuni

A nan ne ainihin maganar take. Da Almagili ya ce a rushe majami'ar, alƙalin Tuwat, Abdullahi Al'asnuni, ya ƙi, ya aika tambaya ga malaman Tilimsan da Fas da Tunis. Ibn Zakri na Tilimsan da Isa Almawasi na Fas suna cikin waɗanda suka ce a bar ta. Wani malami, Attanasi, ya ce a rushe, wani malamin kuma, Assanusi, ya mara masa baya. Tunda Assanusi ya rasu a 1490, rikicin ya girmi korar Yahudawa daga Andalus a 1492, don haka masu ɗora shi a kan kwararowar 'yan gudun hijira su sake lissafi.

Fiƙihun Malikiyya ya bambanta ƙasar da aka ci da yaƙi, da wadda aka yi sulhu da mutanenta, da wadda Musulmi suka sara da kansu kamar Kufa da Basra. Ya kuma bambanta wurin ibadar da Musulunci ya tarar da wanda aka ƙirƙira daga baya. Wanda aka tarar, barinsa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sabon gini a garin da Musulmi suka kafa shi ne mai wuyar karewa. To, da a ce mutanen Tamantit, Musulminsu da Yahudawansu, sun san cewa majami'ar ta riga Musulunci zuwa, wace hujja ce za ta fi wannan ƙarfi a hannun alƙali? Ga mutum yana zaune cikin garin, ya san dattawansa, yana neman duk abin da zai kare hukuncinsa. Bai kawo ta ba.

Abin da ya kawo daban ne. An ɗauki Tuwat a matsayin ƙasar da Musulmi suka sara, Yahudawa kuma ma'abota amana ne da suka ƙauro daga wani wuri. Aka ce majami'ar tana cikin gidajensu, ba ta jingine da gidan Musulmi ba. Aka ce malamai da alƙalai sun shuɗe suna ganinta ba su hana ba. Aka kuma jawo fatawar Ibnul Hajj kan Kiristocin da Murabiɗai suka kwaso daga Andalus zuwa Magrib, waɗanda aka yarje musu gina wurin ibada a sabon mazauninsu. Ƙiyasi da baƙin da aka sake wa mazauni ba ya da ma'ana sai idan mai yin sa yana ganin Yahudawan Tamantit su ma zuwa suka yi. Ɓangarorin biyu sun saɓa a hukunci, sun haɗu a tarihi.

Shi kansa Almagili ba tsufan gini kaɗai ya dame shi ba. Ƙorafinsa shi ne Yahudawan sun shige jikin masu mulki, ba sa ba da jiziya yadda shari'a ta tsara, saboda haka a ganinsa amanarsu ta warware. Kariyar da Malfante ya yaba ita ce laifin da aka tuhume su da shi. Alwazzan ya ba da labarin ɓarna irin ta Tamantit a Gurara da ke maƙwabtaka, inda aka washe attajiran Yahudawa aka kashe da yawa. Cikin Yahudawan Tuwat, wasu suka musulunta suka zauna, wasu suka watsu, sunan dangi Tuwati ya wanzu cikin Yahudawan Magrib.

Iyakar Binciken

Za a ce shiru ba hujja ba ne, kuma mai fatawa yana tsara tambaya ne da ma'aunin fiƙihu, ba na masanin tarihi ba. Na yarda da rabin wannan. Haka kuma kusan duk shaidun daga bakin wasu suka fito, muryar al'ummar kanta ba ta wuce rubutun kabari ba. Amma mai da'awar shekaru dubu kafin 1329 shi ke da nauyin kawo shaida.

Kammalawa

Yahudawan Tuwat tsohuwar al'umma ce, amma tsufan da za a iya karewa na zamanin ayarin Sahara ne, ba na Rumawa ba. Ina kira ga masu nazarin Almagili a jami'o'inmu da su riƙa karanta Tajuddini tare da fatawowin Tamantit, har da na malaman da suka saɓa masa, domin su ma Malikawa ne.