Nama a Hannun Mahauci, Ƙoƙo a Hannun Mai Pito: Yadda Tarihi Ya Raba Teburin Tamale

A manyan gidajen cin gasasshen nama na Turai da Amurka, akan miƙa wa baƙo takarda biyu, ɗaya ta nama, ɗaya ta giyar inabi. Ta biyun tana da ƙa'idarta: nama mai kitse ana haɗa shi da jar giya mai bauri, irin Cabernet Sauvignon ta yankin Bordeaux a Faransa ko Malbec ta Mendoza a Ajantina, domin baurin yana ɗauke maiƙo daga baki. Tun 1855, lokacin baje kolin Paris, Faransawa suka jera gonakin inabin Bordeaux daraja-daraja, kuma har yau wannan jerin yana tasiri a kan farashi. Sai dai duk wannan tsari ya dogara ne da abu guda da ba a cika faɗa ba, wato mai sayar da naman shi ne mai sayar da abin shan, a ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma riba mai tsoka a cikin kwalbar take.

A Tamale, a arewacin Gana, da garuruwan da ke gefenta, irin su Kasalgu, ba haka abin ya taso ba. Tamale gari ne na nama ƙwarai; da yamma ta yi hayaƙin tsire da gasassun zabi ke tashi a bakin tituna. Amma mai tukuba ba ya sayar da abin maye, mai abin maye kuma ba ta yanka dabba. Mutane sukan gaggauta cewa addini ne kawai ya kawo haka. Ni a ganina abubuwa uku ne suka haɗu, wato fatauci, da rabon sana'a tsakanin maza da mata, da dokar Turawan mulkin mallaka, kuma addini shi kaɗai bai isa ya bayyana siffar da abin ya ɗauka ba.

Mu fara da naman. Musulunci ya shiga fadar Dagbon, masarautar Dagomba da Tamale ke cikinta, tun wajen shekarar 1700, a zamanin Naa Zanjina, kuma Dagomba suna da gidajen fawa na gado da sarkinsu. A kan wannan ne fataken Hausa suka zo suka ƙara. Hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja ta mai da Salaga babbar kasuwa, inda ayari ke sauke kanwa da tufafi da dabbobi ya ɗauki goro. Da Ingilishi suka ci Kumasi, babban birnin Asante, a 1874, ikon Asante a kan wannan ciniki ya raunana, sannan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa mazauna garin zuwa Kete Krachi da Yeji da Kintampo da sauran zangogi. Da Turawa suka ɗauke hedikwatar Yankunan Arewa daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, sai garin ya zama matattarar sojoji da ma'aikata da 'yan kasuwa, masu albashi da ke iya sayen nama kullum. Shanu kuwa suna gangarowa daga ƙasar Mosi a kan hanyarsu ta zuwa Kumasi, gwamnati kuma ta kafa cibiyar likitocin dabbobi a Pong-Tamale don yaƙar cutar bushiya. A irin wannan kasuwa ta gauraye, naman da kowa zai iya ci shi ne wanda Musulmi ya yanka: Kirista zai saya, mai bin addinin gargajiya zai saya, Musulmi kuwa ba zai sayi wani ba. Lissafin ciniki ne ya bar wuƙa a hannun mahauci Musulmi, kuma da haka tsiren Hausawa ya bazu ko'ina a Gana, inda ake kiransa cicinga.

Abin sha ya biyo wata hanya dabam. Pito, ɗan'uwan burkutu, da jar dawa ake yinsa: a jiƙa ta har ta tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, a bari ta yi tsami, a sake dafawa, sannan a zuba yis a bar shi ya tashi. Aikin kwanaki ne mai cin itace da ruwa, kuma aikin mata ne, musamman a tsakanin Dagaba da Farafara da Konkomba. Ba ya ajiyuwa, don haka ba a iya kai shi nesa. A tsakar gidan mai dafawa ake shansa da ƙoƙo, galibi a ranar da ya nuna. Abin da ba ya kwana biyu ba zai shiga takarda da sunan gona da shekarar girbi ba. Mashayi sunan matar da ta dafa yake bi, ya san wadda hannunta ke da zaƙi da wadda nata ke da ƙarfi. Zaɓi yana nan, har da gwaninta a cikinsa, amma da ƙafa ake yinsa, daga wannan gida zuwa wancan.

Sai dokar Turawa. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta wajabta wa ƙasashen Turai hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, aka kuma sabunta wannan a yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919. Yankunan Arewa na Gold Coast, wato Gana ta yau, sun faɗa cikin wannan haramci, kamar Arewacin Nijeriya. A kudu kuwa, harajin barasar jin da sinaf da ake shigowa da su daga Holan da Jamus ya kasance ginshiƙin kuɗin shigar gwamnati. Ga abin mamaki: gwamnati ɗaya tana cin ribar kwalba a Accra da Sekondi, tana hana ta a Tamale, alhali jami'anta Turawa suna sha a gidajensu da izini. Dokar ba ta taɓa pito ba. Sakamakon shi ne, a shekarun da Tamale ke zama birni, ɗan kasuwar da zai haɗa gasasshen nama da kwalbar waje a shago ɗaya ba shi da hurumin yi, kuma kwalba ta zama alamar bariki.

Mai musu zai ce duk wannan kewaye-kewaye ne, tunda kusan kashi 90 cikin 100 na mutanen Tamale Musulmi ne, kuma haramcin giya a Musulunci ba ɓoyayye ba ne. Gaskiya ne, kuma wa'azin malamai irin su Afa Ajura, wanda ya kafa makarantar Anbariyya, ya ƙara tsananta wa mutane kiyaye iyakokin addini a ƙarni na 20. Amma a dubi Accra da Kumasi. A can, mai cicinga, wanda sau da yawa ɗan zango ne mai salla, a ƙofar mashaya yake kafa tukubarsa, domin nan masu saye suke. Ba ya taɓa kwalbar, ba ya karɓar kuɗinta, mai mashaya kuma ba ya taɓa namansa. Wato ko a inda Musulmi ba su da rinjaye, kuma haramcin Yankunan Arewa bai kai can ba, rabon sana'ar bai rushe ba. Addini ya faɗi wanda ba zai sayar ba. Tazarar da ke tsakanin tukuba da mashaya kuwa, taku biyar ce ko unguwa guda, tarihin kowane gari ne ya yanke ta.

Wani kuma zai ce dokar Turawa ba ta yi aiki ba, domin fasa-ƙwauri bai tsaya ba. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya. Da aka fara taƙaita shigo da jin a 1930, sai akpeteshi, barasar da ake tacewa a ɓoye daga bammi ko rake, ta yaɗu, kuma 'yan arewa da ke ƙwadago a ma'adinai da gonakin koko sun san ta, sun kuma komo gida da ita. Ba a halatta ta ba sai 1962. Emmanuel Akyeampong ya bi diddigin wannan a littafinsa na tarihin barasa a Gana da ya fito a 1996. Amma abin da ake sha a ɓoye ba ya gina teburin cin abinci. Giyar kwalba ta kamfani ma daga kudu ta zo, tunda a Accra aka kafa masana'antarta ta farko a 1931, Kumasi ta biyo baya kusan shekaru 30 bayan haka.

A ɓangaren mahauci kuwa, ba a rasa abin kora nama ba. Akwai zoɓo, wanda a Gana ake kira sobolo, da lamurje mai citta, da fura da nono, da shayi mai kauri da samari ke dafawa a majalisa. Tsamin zoɓo da baurin goron da dattijo ke ɓarawa bayan ya ci balangu suna yin aikin da Bature ke nema a jar giya, wato wanke maiƙo. Yajin ƙuli-ƙuli da barkono da ake barbaɗa wa tsire ma ba ya shiri da giya mai bauri. Masana giyar da kansu sun yarda cewa yaji yana ƙara mata ɗaci da zafi.

Takardar giyar inabi ta iso Tamale daga baya, ta hanyar otal-otal da ke karɓar ma'aikatan ƙungiyoyin agaji, da baƙin Jami'ar Nazarin Ci Gaba da aka kafa a 1992, da masu wucewa zuwa gandun dajin Mole. Gajeriya ce, yawanci kayan Afirka ta Kudu da Sifen da Faransa da aka yi wa doguwar tafiya a mota daga tashar Tema, zuwa garin da zafinsa kan kai digiri 40 a watan Maris, alhali giyar inabi wuri mai sanyin kimanin digiri 13 take so. A wajen bukukuwan aure kuwa, kwalbar da ake fasawa mai kumfa galibi ruwan inabi ne marar maye. Hulɗar da ta fi ƙarfi tsakanin arewa da masana'antar giya a yau ta gona ce: kamfanonin kudu suna sayen dawa daga manoman arewa a madadin sha'ir ɗin da suke shigowa da shi, suna gogayya da masu dafa pito a kan buhu ɗaya.